Yadda ake zuwa bikin marubuta na ƙarshen mako a gidan gandun Turawa

Wani ƙanina da ya zo karatu Ingila bara ne ya turo min saƙo, wai ya ga tallan bikin littafi a wani ƙaton gida can cikin karkara, ransa na so ya je amma yana jin kamar ba wurin irinmu ba ne, kuma bai ma san ta ina ake farawa ba. Na ce masa bari in zauna in rubuta maka dalla-dalla, tunda na je irin wannan biki ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, wani zuwan da tikitina wani zuwan ina ɗan sa kai mai tsayuwa a ƙofar tanti. Toh ga shi nan ɗan'uwa, kai da duk wanda zai amfana.

Abin da nake kira gidan gandu shi ne tsoffin gidajen masu sarauta da attajiran Turawa da suke tsakiyar gonaki da lambu da daji, nesa da gari. Riƙe irin gidan nan cin kuɗi gare shi, gyaran rufi kawai ya isa ya karya mutum, shi ya sa da yawansu suka buɗe ƙofa, wani ya koma otal, wani ana ɗaurin aure a ciki, wani kuma sau ɗaya a shekara a kafa tantuna a gayyato marubuta su zo su yi hira a gaban jama'a daga Juma'a ko Asabar zuwa Lahadi. Wanda ya taɓa zuwa bikin littattafai irin KABAFEST ko HIBAF a Kaduna ya san fasalin abin, bambancin dai nan ba a cikin gari kake ba, kuma nan ne duk wahalar take.

Guda biyu zan riƙa ba ka misali da su. Na farko Cliveden, ana faɗinsa Kilibdan, gida ne a kan tudu saman kogin Thames yamma da Landan, ginin da ke tsaye yanzu na 1851 ne, wani attajirin Amurka William Waldorf Astor ya saye shi a 1893, a nan Nancy Astor ta zauna wadda ita ce mace ta farko da ta hau kujerar majalisar wakilan Birtaniya a 1919, a 1942 kuma iyalin Astor suka miƙa gidan ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da tsoffin gidaje da wuraren tarihi. Bikinsu ya fara 2017, a kaka ake yi, Asabar da Lahadi, kuma sun fi karkata ga tarihi da siyasa. Na biyu Charleston a East Sussex kusa da garin Lewes, shi kam ƙaramin gidan gona ne da masu zane Vanessa Bell da Duncan Grant suka tare a ciki a 1916 suka bi bango da ƙofofi da tebura suka zane, bikinsu tun 1990 ake yi a watan Mayu, yana kai wajen kwana goma, sai ka zaɓi ƙarshen makon da ya yi maka.

Kayan da zaka haɗa

Ba a fafe gora ranar tafiya, ka haɗa su tun daren Alhamis.

Takalmi ne kan gaba, wanda ruwa baya shiga kuma ka saba tafiya da shi, don a kan ciyawa da tsakuwa zaka yini kuma in aka yi ruwa awa ɗaya wurin ya zama caɓi. 'Yan'uwa mata don Allah banda mai tsini, nutsewa yake a ƙasa, kuma doguwar riga ko abaya a zaɓi wadda bata jan ƙasa. Sai rigar ruwa mai hula, ta fi lema amfani saboda iska na juya lema kuma babu inda zaka ajiye ta a cikin tanti. Suwaita ko da a Mayu ne, tanti da rana zafi da yamma sanyi. Safa guda biyu na canji.

Sai katin banki wanda ake ɗorawa a kan na'ura, wurare da yawa yanzu basa karɓar tsabar kuɗi, amma duk da haka ka riƙe kamar fam 30 a aljihu saboda mai tasi. Pawa bank da waya cike da caji. Tikitinka ka ɗauki hotonsa a waya tun kana gida ko ka buga a takarda, netwok a irin wuraren nan sai a hankali, na ga mutane a bakin ƙofa suna ɗaga waya sama imel ya ƙi buɗewa layi ya tsaya a bayansu.

Ƙaramin littafin rubutu da biro biyu. Jaka ta goyo wadda bata cika girma ba, da ledar da zaka naɗe littattafan da ka saya kar ruwa ya taɓa su. Sallaya mara nauyi mai naɗuwa, da gorar ruwa guda biyu, ɗaya ta sha ɗaya ta zama butarka. Abin taɓawa kuma, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, biredi da dafaffen ƙwai, filas na shayi in kana da shi. Wanda zai taso daga gida Najeriya ko Nijar kar ya ce zai riƙo kilishi ko dambun nama, doka bata yarda a shigo da nama Birtaniya daga ƙasashenmu ba, a filin jirgi za a karɓe.

1. Zaɓi biki ɗaya ka shiga jerin masu karɓar imel ɗinsu

Kar ka tsaya jiran talla a Facebook ko Instagram, kafin ka gani manyan zaman sun cika. Shiga shafinsu na intanet ka sa imel ɗinka, su zasu gaya maka ranar da jadawali zai fito da ranar fara sayar da tikiti. Yawancinsu suna fara sayar wa mambobinsu kafin sauran jama'a, in akwai marubucin da lallai sai ka gani toh ka lissafa ko kuɗin zama mamba ya fi maka sauƙi a kan ka rasa kujera. Ka duba kalanda kuma kar ya faɗa kan Sallah ko makon jarabawa.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci. Akwai wani mai daɗi da ake yi a Borris House a ƙasar Ayilan cikin watan Yuni, zaka ji ana yabonsa, amma mai fasfo ɗin Najeriya bizar Birtaniya bata shigar da shi Jamhuriyar Ayilan, sai ya nemi tasu daban. Kar ka biya tikiti kafin ka san matsayin bizarka.

2. Sayen tikiti, kuma nan ne kusan kowa ke yin kuskure

Wasu bukukuwan kowane zama da tikitinsa, wasu na yini ne, wasu na duka ƙarshen makon. Ko wanne ne, ranar da jadawali ya fito idonka zai rufe, ka ga sunan wannan ka ga na wancan ka ce duk sai na gani. Ni ma haka na yi zuwana na farko, zama shida na saya a yini ɗaya. Wallahi kafin la'asar kaina ya cika taf, ban ci abinci ba, sallar azahar sai a gurguje, kuma yau in ka tambaye ni abin da aka faɗa a zama na biyar da na shida babu abin da na riƙe.

Uku a yini ya isa, in ka matsa huɗu. Zama ɗaya wajen awa ɗaya ne, kamar minti 45 na hira sannan sauran na tambayoyi, bayan an tashi marubucin ya koma rumfar littattafai ya zauna sa hannu. Toh in ka sayi zaman da ke biye nan take, taura biyu bata taunuwa, ko ka bar layin sa hannu ko ka makara a ƙofa. Ka bar tazarar aƙalla awa ɗaya da rabi tsakanin zama da zama. Ni a ganina abin da ake zuwa nema ma a cikin tazarar nan yake, hirar kan benci, yawo a lambu, tsayuwa a layi da wanda kuka ji abu ɗaya yanzun nan, don ita hirar kan dandamali sau da yawa zaka iya samunta daga baya a YouTube, waɗannan kuwa sai wanda ya je.

Yadda nake zaɓa, ɗaya marubucin da na sani nake so, ɗaya batun da ya dame ni ko da ban san masu maganar ba, ɗaya kuma wanda ban taɓa jin sunansa ba sam, sau da yawa sabon marubuci mai littafin farko da aka sa shi da safe tanti rabi babu kowa. Irin wannan zaman shi ya fi zama min a rai, kuma shi ne zai tsaya ya yi hira da kai da gaske a wajen sa hannu don babu layi a bayanka.

In kuɗi ya yi ƙaranci ka duba ko akwai rangwamen ɗalibai ko na matasa, da yawa suna yi amma basa kwarmata shi, yana can ƙasan shafi. In zaman ya cika kar ka fid da rai, sa sunanka a jerin masu jira, kuma ranar ka je teburin tikiti ka tambaya ko wani ya dawo da nasa, ana samu sosai musamman ranar da aka tashi da ruwa. Shiga cikin gidan kansa kuma sau da yawa tikitinsa daban da na biki, ka tambaya tun wuri.

3. In babu kuɗin tikiti sam, nemi aikin sa kai

Kusan duk bukukuwan nan da 'yan sa kai suke tafiya, masu duba tikiti, masu nuna kujera, masu kai makirfo wajen mai tambaya, masu tsare layin sa hannu. Ka rubuta masu imel wata biyu ko uku kafin lokaci, gajere, sunanka, inda kake, ranakun da kake da dama. Ladan shi ne kana cikin tanti kana jin hirar kyauta, kuma ka san mutane fiye da wanda ya biya. Sai dai ka san ba kai ke zaɓen zaman da za a tura ka ba, kuma tsayuwa ce ta gaske. Ɗalibi ya fara tambayar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, don akwai aikin kyautan da ake lissafa shi cikin awa 20 ɗin nan na mako da bizar ɗalibi ta yarda ya yi aiki, kar garin neman lada a taɓa biza.

4. Wurin kwana

Kar ka ma duba kwana a cikin gidan ko ƙauyen da ke jikinsa, ko ya cika ko kuɗin ya fi ƙarfinka. Nemi garin da ke kan layin jirgi ɗaya da wurin. Na Cliveden ka duba Slough ko Maidenhead, akwai otal masu sauƙi, akwai masallatai, Slough kuwa abincin halal ko'ina. Na Charleston ka duba Brighton ko Eastbourne in Lewes ta cika. Ka kama ɗakin da ake iya fasawa ba tare da asara ba, kuma ka kama shi ranar da ka sayi tikiti. Wanda ke Landan zai iya zuwa ya dawo kullum, babu dole sai ya kwana.

5. Hanya, musamman mil biyun ƙarshe

Jirgin ƙasa ba shi ne matsala ba. In Cliveden zaka je, daga tashar Paddington ta Landan layin jirgin Elizabeth zai kai ka Taplow cikin kamar minti 40, tashoshin a jere suke, Slough, Burnham, Taplow, Maidenhead. Ka lura katin Oyster na hawa jirgi da bas a Landan baya aiki bayan West Drayton, katin banki ne ke wucewa, ko ka yanki tikiti. Lewes kuma daga tashar Victoria ta Landan ne, awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma Luwis ake cewa, in ka karanta shi yadda aka rubuta mai sayar da tikiti zai tsaya kallonka. In kana da Railcard, katin rangwamen kuɗin jirgi, na 'yan shekara 16 zuwa 25 ko 26 zuwa 30 ana rage maka kashi ɗaya cikin uku, ɗalibin cikakken lokaci ko ya haura shekarun yana iya samun na farkon. Sai ka duba manhajar National Rail daren Juma'a, saboda ƙarshen mako ne suke gyaran layi, sai ka ga an ce daga tasha kaza bas zata ɗauke ku, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu.

Matsalar tana daga tasha zuwa ƙofar gidan. Daga Taplow zuwa Cliveden ya haura mil biyu kuma hawa ne, daga Lewes zuwa Charleston wajen mil bakwai. Kar ka dogara da cewa zaka buɗe manhaja ka kira mota kamar a Landan, a karkara sai ka yi ta jira babu direba ko ɗaya kusa. In bikin ya sa ƙaramar bas daga tasha, kamar yadda Charleston suka saba yi daga Lewes, ka kama kujera tun lokacin sayen tikiti kuma ka rubuta lokacin ta ƙarshe a bayan hannunka. In babu, nemi lambar kamfanin tasi na garin ka kira su kwana biyu kafin ranar, ka kama zuwa DA dawowa.

Dawowar nan ita ta taɓa kama ni. Wani biki ne can yamma a watan Oktoba, zaman ƙarshe ya tashi duhu ya riga ya yi, na fito na kira kamfani uku duk suka ce motocinsu a kame suke sai bayan awa biyu. Na ce bari in taka. Hanya ce 'yar siririya, shingen ganye hagu da dama ya fi ni tsawo, babu fitila babu gefen masu tafiya a ƙasa, duk motar da ta taho sai in manne da shinge, a nan wani ganye da suke kira netil ya goge min hannu, zafi da ƙaiƙayi har washegari. Allah Ya taimake ni wasu tsofaffi mata da miji da muka zauna benci ɗaya da rana suka gane ni a hasken fitilarsu suka tsaya suka kai ni tasha. In dole ta sa ka taka irin hanyar nan, ka bi gefen dama yadda kana fuskantar motocin da ke tahowa, tunda su a hagu suke tuƙi, ka kunna fitilar waya. Amma gara ka fasa zaman ƙarshe da ka shiga wannan.

6. Isa wurin

Ka isa awa ɗaya kafin zamanka na farko. Karɓi taswirar wurin, ka taka da ƙafarka ka ga ina tantin yake, ina rumfar littattafai, ina banɗaki, ina famfon ruwa, ina motar dawowa zata tsaya. Yawanci kujeru babu lamba, wanda ya riga shiga ya zaɓa, don haka ka shiga layi minti 20 kafin lokaci. Layi a wajen Turawan nan abu ne mai girma, kar ka ce ka hango abokinka a gaba ka kutsa, ba zasu ce maka komai ba amma sun riƙe. Ni gefen hanya nake zama, layi na biyar ko na shida, ana ganin fuskar mai magana, mai makirfo na iya kawo maka, kuma fita babu wahala.

Zaka duba ka ga yawancin mutanen farare ne masu furfura, wataƙila baƙar fata bai fi ku uku ba a tantin. Kar wannan ya sa ka ƙanƙance kanka. Tikitinka da nasu ɗaya ne, kuma abin da ya kawo su shi ya kawo ka.

7. Sallah da abinci

Ka tsara wannan tun kafin yunwa da lokaci su matse ka. Je wajen 'yan sa kai ko teburin tambaya ka ce kana neman wuri shiru na minti goma zaka yi addu'a, ban taɓa tambaya aka hana ni ba, wani lokaci su nuna maka wani ɗaki wani lokaci ƙarshen lambu. In ƙasa a bushe take bayan wata bishiya ya wadatar, sai dai ka guji doguwar ciyawa inda barewa ko tumaki ke kiwo saboda kaska. Alƙibla daga kudancin Ingila kudu maso gabas ce, kamar digiri 119, ka duba a waya tun kana da netwok ka riƙe wata alama kamar hasumiya ko bishiya. A ƙarshen Mayu rana bata faɗuwa sai wajen tara na dare, kana da sarari sosai, amma a tsakiyar Oktoba shida da 'yan mintuna magariba ta yi, azahar da la'asar da magariba duk a cikin lokacin biki zasu faɗo, toh da su zaka tsara tazarar da na gaya maka. Alwala ka yi da gorarka a waje, ya fi maka sauƙi a kan sa ƙafa a wurin wanke hannu jama'a na layi. Maganar ƙasaru da haɗa salla kuma ka tambayi malaminka kafin tafiya.

Abinci, nemi na ganye ko kifi, na ganyen zaka ga alamar V a jiki. Naɗin fulawan nan mai tsiran nama a ciki da ake sayarwa ko'ina yawanci alade ne. Abin sha kuma a kula, zaka ga wani jug mai launin shayi da yankan lemo da kokwamba da na'a-na'a a ciki kamar zoɓon biki, sunansa Pimm's, giya ce. Abin da suke kira saida (cider), na tuffa, shi ma a Ingila giya ne. Wanda babu komai a ciki shi ne na furen elda da ake haɗawa da ruwa mai gas, amma duk da haka ka tambaya, har kayan zaƙi ka tambaya don wasu da giya ake jiƙa su. Tambaya ɗaya ce, akwai barasa a ciki, babu wanda zai ga baƙonta. Ranar Lahadi kuma manyan kantuna a Ingila awa shida kawai doka ta basu, yawanci huɗu ko biyar na yamma sun rufe, ka sayi abin buƙatarka tun Asabar.

8. Cikin tanti da yin tambaya

Kashe ƙarar waya. Kar ka ɗauki bidiyo sai an ce an yarda. Kar ka ce zaka rubuta duk abin da aka faɗa, jimla uku ko huɗu da suka taɓa ka, da sunan duk littafin da aka ambata, sun isa.

In kana son tambaya, rubuta ta tun ana cikin hira, ka ɗaga hannu da zarar an buɗe fili don na farko-farko ake ɗauka, ka jira makirfo ya zo hannunka. Mu mun saba da doguwar shimfiɗa, godiya ga masu shiri, gabatar da kai, sharhi, sannan tambaya. Nan ba haka ba ne, mai jan hirar zai katse ka a gaban mutane. Jimla biyu, ta ƙare da alamar tambaya. Lokacin da nake kai makirfo na lura tambayar da ta fi tayar da marubuci ita ce ƙarama takamaimiya, me ya sa ka fara labarin daga wuri kaza, wane babi ne ya fi ba ka wahala, me ka cire. Kuma in batun ya taɓo Afirka ko Musulunci ko mulkin mallaka kana da abin da ka sani wanda sauran tantin basu sani ba, kar kunya ta hana ka, ka tambaya cikin ladabi da hujja. Turancinka yadda yake ya isa, ka dai yi a hankali.

9. Layin sa hannu

Sabon littafi mai kauri yana kai fam 20 zuwa 25, don haka ka yanke tun gida guda nawa zaka saya, in ba haka ba rumfar nan zata cinye kuɗin jirginka. Dabarar ita ce ka sayi littafin KAFIN zaman, ana tashi kai ka wuce layin sa hannu kai tsaye wasu na can layin biya. In kana da tsohon kwafinka na gida ka taho da shi, yawanci ana yarda, amma kar ka jibge guda shida a gaban mutum. Wani ɗan sa kai zai bi layi da 'yar takarda mai manne yana rubuta sunan da za a sa, ka rubuta naka da kanka da manyan baƙaƙe, in ba haka ba Zulaihat ko Abdulƙadir zai dawo wani abu daban a littafin da ka biya kuɗi. Ka buɗe shafin da ke da sunan littafin ka miƙa a buɗe.

Kana da kamar rabin minti. Faɗi abu ɗaya na gaskiya, wurin da ya taɓa ka ko inda ka karanta shi. In kana son magana ta ɗan yi tsawo koma ƙarshen layi, na ƙarshe shi ke samun lokaci. Hoto sai ka nemi izini. Kuma don Allah in kai marubuci ne kar ka miƙa masa rubutunka ka ce ya duba, ba zai iya karɓa ba kuma ka sa shi jin nauyi. Abin da zaka iya shi ne ka tambaye shi wace mujalla ko gasa yake ganin sabon marubuci ya gwada, wannan suna amsawa da daɗin rai.

10. Tazarar

Sayi shayi ko buɗe filas ɗinka ka nemi benci mai mutum ɗaya a kai ka ce ko akwai wuri. Bature baya fara magana da baƙo a jirgi, amma a nan da ka ce wane zama kika shiga da safe shikenan hira ta ɓarke. A irin bencin nan na haɗu da wata tsohuwar malamar makaranta da ta ga hulata ta ce daga arewacin Najeriya kake, ashe ta koyar a can tana budurwa, ta gaishe ni da sannu da aiki da muryar da ta shekara hamsin bata yi Hausa ba, muka yi awa guda har shayinmu ya huce. A nan kuma ake haɗuwa da masu fassara da editoci da masu kantin littafi, basa sa alama a goshi, sai hira ta yi hira kake sani. In ka faɗa masu akwai kasuwar littattafan Hausa da mata suka riƙe a Kano shekara da shekaru, da masu rubutu a waya da dubban masu karatu, zaka ga sun gyara zama, yawancinsu basu taɓa ji ba.

Ka ware awa ɗaya kuma ka zaga kai kaɗai. A Cliveden ka tsaya a barandar baya ka kalli lambun da aka yanka kamar zanen tabarma da kogin a ƙasa, a Charleston ka shiga lambun da ke cikin katanga. Duk ƙofar gona da ka tarar a rufe ka mayar da ita a rufe saboda dabbobi.

11. Komawa

Lahadi jirage sun fi ƙaranci kuma suna tashi aiki da wuri, ka san lokacin na ƙarshe da wanda ke gabansa, ka nufi wanda ke gabansa. Kira mai tasinka da rana ka ƙara tabbatar da lokaci da ƙofar da zai tsaya, gidajen nan suna da ƙofa fiye da ɗaya kuma tsakaninsu tafiya ce. A cikin jirgi kafin barci ya ɗauke ka, buɗe littafin rubutunka ka cike abin da ka gajarta, ka rubuta sunan duk wanda ya ba ka imel da abin da kuka tattauna a gefen sunan, ka tura masu saƙon gaisuwa kafin Laraba. Littattafan da ke da tsada ka kasa saya ka kai sunayensu laburaren unguwarku ranar Litinin, katin shiga kyauta ne, in basu da shi a nan suna iya nemo maka daga wani reshe.